Zauren 'Yan Gem: "Raina uku na ƙarewa tun a matakin farko"

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan gem iri ɗaya suka zo, wato na gudu da harbi, wanda allo ke tafiya daga hagu zuwa dama, abokan gaba na ɓullowa ta ko'ina, harsashi ɗaya kuma ya isa ya kai ka ƙasa. Mafi yawansu daga cikin garin Sakkwato suke. Mun haɗe waɗanda suka yi kama da juna, mun kuma taƙaita masu tsawo.

Assalamu alaikum. Ina buga Contra a waya, amma raina uku na ƙarewa tun ban ga ƙarshen matakin farko ba. Abokaina sun ce hannuna ne ba ya da sauri. Mi zan yi in ƙara sauri? Daga wani mai karatu a Mabera.

Wa alaikumus salam. Abokanka sun faɗi abin da kowa ke faɗi, amma ba can matsalar take ba. Tsakanin ido ya ga abu da yatsa ya danna, lafiyayyen mutum yana cin kusan kwatan sakan. Contra kuwa tana sauya hoto sau 60 a sakan ɗaya, ka ga kafin yatsanka ya motsa hoto wajen 15 sun wuce. Duk wanda ka ga yana ratsa gem ɗin nan ba a taɓa shi ba, ba saurin hannu ya fi ka ba, ya riga ya san abin da zai fito ne. Dubi ɗan kabu-kabun da ke bin hanya ɗaya kullum: tun kafin ya iso rami ya riga ya kauce, ko da dare ne. Bindigogin da ke jikin bango, da masu harbi daga tsaye, da kwalayen makamai masu shawagi, duk suna nan inda kamfanin Konami ya ajiye su tun fitowar gem ɗin a na'urar gem ta NES a 1988. Sojoji masu gudu ne kawai ke ɗan sauya lokacin fitowa.

To ga abin yi. Ka daina manne wa bakin allo na dama. Ka tsaya tsakiya ko ɗan baya kaɗan, don abin da ya shigo ya ba ka fili. Amma kada ka lafe a can hagu, domin sojoji na fitowa ta baya, kuma a Contra taɓa jikin soja ma mutuwa ce. Ka rage tsalle. Sabon ɗan wasa da ya ga harsashi sai ya yi sama, alhali tsawon tsallen ɗaya ne kullum, ba ka iya katse shi, sai ka sauko kan harsashi na biyu. Kwanciya ta fi: danna ƙasa, harsashin da ya zo daidai ƙirji ya wuce ta samanka, kana kwance kana harbi. A matakin farko gadoji suna fashewa in ka hau, sai mutane su ruɗe. Faɗawa ruwan nan ba ya kisa, in ma ka danna ƙasa kana ciki za ka nutse, babu harsashin da zai same ka har ka ɗago.

Sai makami. In ka harbe kwalin makami, harafi ne ke faɗowa. Harafin S shi ne bindiga mai watsa harsashi biyar lokaci ɗaya, ita ce dukiyarka. Da ka same ta, duk harafin da ya faɗo in ba R ko B ba, ka tsallake shi. R na ƙara gudun harsashi, B na ba ka kariya ta ɗan lokaci, ba sa ƙwace maka S. Amma M da F da L suna maye gurbinta. L ma, wato bindiga mai harba haske, tana da wani hali: in ka sake dannawa kafin hasken ya isa inda ka nufa, sai ya katse ya faro daga farko, don haka mai yawan danne-danne da ita ba ya kashe komai daga nesa. Gem ɗin yana da iyakar harsasanka da zai bari a allo lokaci ɗaya, shi ya sa in ka matsa kusa da bos, wato babban abokin gaba na ƙarshen mataki, kana riƙe da S, harsasan na sauka da wuri, kana samun damar sakin wasu nan take. Katangar ƙarshen matakin farko, fara da maharbin da ke samanta, sannan bindigogi biyun, sannan jan idon da ke ƙasa.

Akwai sanannen sirrin rai 30: a allon farko ka danna sama, sama, ƙasa, ƙasa, hagu, dama, hagu, dama, B, A, sai Start. Yi amfani da shi sau biyu ko uku ka leƙa matakai takwas ɗin, ka ga me ke gaba. Bayan nan ka ajiye shi. Wanda ya saba da rai 30 yana koyon ratsa harsashi ne, ba kauce masa ba. In manhajar da kake buga gem ɗin da ita na da wurin adana wasa a kowane lokaci, ka yanka mataki gida uku ko huɗu, ka maimaita kowane yanki har ka wuce shi sau biyar a jere ba mutuwa, sannan ka haɗa su. Kowace mutuwa ka tambayi kanka abu ɗaya: ina nake tsaye sakan biyu kafin ta? Galibi can kuskuren yake.

Na sayi sabuwar talabijin mai faɗi, sai na ga wasana ya lalace. Ina danna tsalle amma kamar mutumin yana jinkiri. A tsohuwar mai ƙeya ba haka nake ji ba. Ko ni ne? Daga Arkilla.

Ba kai ba ne, Malam, kuma wannan tambayar ta fi kowace muhimmanci, domin duk haddar da mutum ya yi ba ta da amfani in umarnin yatsansa na isa a makare. Tsohuwar talabijin mai ƙeya tana zana hoto ne yayin da yake isowa. Ta zamani kuwa sai ta karɓi hoton, ta gyara launi, ta rage dishi-dishi, wani lokaci ta ƙirƙiro hotuna na tsakani don motsi ya yi santsi, sannan ta nuna maka. Wannan kwalliyar tana da kyau ga kallon ƙwallo, amma tana cin lokaci. Hoto ɗaya na gem bai kai kashi 17 cikin 1000 na sakan ba, talabijin kuma tana iya riƙe hoto huɗu ko biyar ko fiye. A gem ɗin da ake tsallake harshen wuta da tazarar hoto kaɗan, wannan ya isa ya kashe ka.

Shiga saitin hoto ka nemi Game Mode ka kunna. Ka lura, a talabijin da yawa saitin na bin kowace kafar HDMI daban, in ka sauya kafa sai ka sake kunnawa. Kashe duk abin da ya shafi santsin motsi da rage dishi-dishi. In tsohuwar na'ura kake haɗawa ta ɗan akwatin da ke mayar da jan kebul da fari da rawaya zuwa HDMI, shi ma yana ƙara nasa jinkirin, masu arha sun fi yawan yi. In mai ƙeyar tana nan da ranta, kada ka sayar, ita ce daidai da tsofaffin gem.

Ga yadda za ka auna, kada ka tsaya kan zato. Ɗauki wayar da ke ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya a hoto 240 cikin sakan, ka saita ta yadda yatsanka da allon za su fito tare. Danna tsalle sau goma. Sannan ka bi bidiyon hoto-hoto, ka ƙirga daga inda maɓalli ya nutse zuwa inda ƙafar mutumin ta bar ƙasa. Kowane hoto huɗu na bidiyon daidai yake da hoto ɗaya na gem. Auna kafin ka sauya saiti, ka auna bayan ka sauya, za ka ga bambancin da idonka.

Masu bugawa a waya, wannan ya shafe ku. Maɓallan da aka zana a gilashi ba sa gaya wa yatsa inda yake, ga shi yatsun na rufe kusurwar da harsashi ke fitowa. Ku nemi hannun gem, ku haɗa shi da kebul ta ɗan mahaɗin OTG, mai haɗa kebul ɗin USB da waya, ya fi Bluetooth tabbas. Mai amfani da RetroArch, manhajar buga tsofaffin gem, ya nemi saitin Run-Ahead mai rage jinkirin maɓalli ya sa shi a 1. In ya wuce abin da gem ɗin ke buƙata, motsi zai riƙa tsalle-tsalle, kuma yana ƙara wa waya nauyi. Sai zafi. A Afrilu da Mayu da garin nan ke haura digiri 40, waya na rage ƙarfinta da kanta don kada ta ƙone, shi ne za ka ji sauti na kakkatsewa bayan minti ashirin. Cire mata riga, rage hasken allo, kashe kayan ƙawata hoto, kada ka buga tana caji. Kada kuma a sa ta a firij, raɓa ce za ta taru a cikinta.

Ina da shagon gem a Runjin Sambo. Yara suna son Metal Slug amma suna cinye ci-gaba ashirin, wato damar ɗorawa bayan rayuka sun ƙare, kafin su gama. Ni kaina ina son in iya shi sosai. Ina dabarar take?

Maigida, dabara ta farko ita ce a daina mutuwa da gurneti a aljihu. Kowane sabon rai yana zuwa da gurneti 10, waɗanda ba ka jefa ba kuma sun tafi a banza. Yara na ɓoyonsu wai sai an kai bos, su mutu sau uku a hanya. Duk tanka ko motar sojoji ko tarin abokan gaba da ya tsayar da kai, jefa. A gaban bos ka matsa kusa gwargwadon hali, domin gem ɗin ba ya barin gurneti da yawa a iska lokaci ɗaya, wanda ya fashe da wuri shi ke ba da damar na gaba.

Na biyu, wannan ba Contra ba ce. Taɓa jikin soja ba ya kisa, sai in ya zaro wuƙa ya kai maka sara. Kai ma in ka matsa jikinsa maɓallin harbi na komawa wuƙa, ba ta cin harsashi. Bindigar H tana zuwa da harsashi 200, kada a ƙarar da su kan sojan da wuƙa ko ƙaramar bindiga za ta gama da shi. Ƙaramar bindiga ba ta harbi a karkace, amma H tana share kusurwa in kana juyawa daga gaba zuwa sama, da haka ake kakkaɓo jirage masu saukar ungulu ba tare da an tsaya daidai ƙarƙashinsu ba.

Tankar da ɗan wasa ke shiga ya tuƙa ita ce inda aka fi yin asara. Tana ɗaukar duka uku kafin ta fashe, galan ɗin mai na gyara ta. In ka danna ƙasa da tsalle za ka fice, kuma a daidai lokacin ficewar babu abin da ke taɓa ka na ɗan ƙanƙanin lokaci. Ƙwararru na amfani da wannan da gangan: babban hari ya taho, su fita, ya wuce, su koma. In ka durƙusar da ita ka danna gurneti, gurnetinka take jefawa a jere da sauri maimakon igwa, wannan na narkar da bos. Abin da za ka gargaɗi yara a kai shi ne danna harbi da tsalle lokaci ɗaya suna ciki, domin hakan na tura tankar ta je ta fashe a gaba, a bar su a ƙasa.

Game da wanda za ka sa musu, Metal Slug 2 na 1998 yana da nauyi, yana jan ƙafa in allo ya cika, ba laifin na'urarka ba ne. Metal Slug X na 1999 shi ne gyararrensa. Na 3 da ya fito a 2000 ya fi kyau a ido, amma matakinsa na ƙarshe doguwar tafiya ce mai cin rai. Na farko, na 1996, shi ya fi dacewa da mai koyo. Ka kuma rage musu ci-gaba zuwa uku. Za su yi ƙorafi, amma cikin mako za ka ga sun fara kallon inda suke sa ƙafa.

A Gradius ina tafiya lafiya da cikakken makami, da na mutu sau ɗaya shi ke nan, sauran rayukan a wuri ɗaya suke ƙarewa. Ɗaliba daga Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Malama, wannan ciwon kowa ne tun 1985. Mutuwa na mayar da ke baya ta ƙwace komai, har da gudun jirgi, a wurin da aka tsara don mai makami. Layin da ke ƙasan allo gida shida ne: gudu, makami mai linzami, Double mai harbi gaba da sama, Laser, Option (ɗan ƙwallo mai bin jirgi yana harbi tare da shi), sai garkuwa. Kowane jan ƙwanso da kika ɗauka na matsar da alama gida ɗaya, da su ake sayen abin da ke gidan da alamar ta kai. Kuskuren da ake yi bayan mutuwa shi ne a ce sai an tara biyar an sayi Option, jirgi na rarrafe. Ƙwanso na farko ki sayi gudu da shi, ko me ake ciki. Na gaba biyu makami mai linzami, don ya share miki ƙasa. Sannan Option. Gudu biyu ya wadatar, uku ga wadda hannunta ya zauna, fiye da haka bango za ki riƙa daka. Double da Laser ba sa haɗuwa, ɗaya na cire ɗaya.

Abin da ya fi wannan: ki koyi farfaɗowa kamar wani mataki na daban. Ki adana wasa daidai inda ake mayar da ke bayan mutuwa, ki buga daga nan da jirgi tsirara har ki san waɗanne layukan abokan gaba ne ke ba da ƙwanso, domin sai an kashe layin gaba ɗaya yake faɗowa. Mutane na maimaita tafiyar da komai ke daidai sau ɗari, ba su taɓa gwada ta ranar da abu ya ɓaci ba. Ki sani kuma gem ɗin na ƙara zafi gwargwadon ƙarfinki, harsasai na ƙara gudu in kin cika makami.

In kin koma R-Type na kamfanin Irem, na 1987, lissafin ya sauya. Ƙwallon da ake kira Force ba ya lalacewa, yana tare ƙananan harsasai, ana manna shi gaba ko baya, ana kuma harba shi ya tafi shi kaɗai. Rabin gem ɗin sanin lokacin mayar da shi baya ne, tun kafin masu zuwa ta bayan su bayyana. Bos na farko, ki harba masa ƙwallon cikin ciki ki bar shi yana ci, ke kuma ki ji da kauce wa jelar.

Me ya sa Contra ta waya ta fi wadda muka buga muna yara sauri? Daga Gidan Igwai.

Kunnenka da idonka ba su yi ƙarya ba. Na'urorin kaset da suka cika kasuwanninmu a da, yawancinsu an yi su ne don talabijin mai tsarin PAL, irin na Najeriya, mai hoto 50 a sakan. Asalin gem ɗin na Japan da Amurka 60 ne. Wanda ya saba da 50 ya koma 60, komai ya ƙara gudu da kashi ɗaya cikin biyar, har kiɗan. Ga shi kaset ɗin nan masu gem barkatai sau da yawa an taɓa su, a fara ka da rai 30 ko da S a hannu. Ka zauna kan 60, cikin 'yan kwanaki hannu zai bi.

Hannun gem ɗina ya daina karɓar kusurwa, in na danna sama da dama sai ya ɗauki ɗaya. In sayi sabo? Daga Tudun Wada.

Buɗe shi tukuna. A ƙarƙashin maɓallan akwai roba mai baƙaƙen ɗigo, su ke taɓa allon lantarki su haɗa layi. Ƙurar hunturu da gumin hannu na taruwa a nan su zama dauɗa mai hana haɗuwa. Cire kebul ko batir, kwance sukurorin baya da ƙaramin sukudireba, ka duba ƙarƙashin takardar da aka manna, sau da yawa akwai ɗaya a ɓoye. Ɗaga murfin a hankali maɓallan na kallon ƙasa don kada su zube, ka ɗauki hoton yadda suke. Jiƙa auduga da sifirit kaɗan, ka goge ɗigon robar da wuraren da suke sauka har audugar ta daina baƙi. Ban da fetur, ban da kananzir, suna cin roba. Ban da kankara da reza, za ka cire baƙin da ke ɗaukar wutar. Bar shi minti goma ya bushe kafin ka rufe. Ka ɗaga robar a haske ka duba gindin kowane tudu: in ya tsage, shi ya sa maɓallin ba ya dawowa, goge-goge ba zai yi magani ba, sai ka nemi robar wani mataccen hannu irinsa wurin masu gyara. Kada ka ɗaure sukurori da ƙarfi, matsi na hana maɓallin kusurwa lilo.

Ni da Yayana muna buga Contra tare, kullum sai mun yi faɗa a matakin ruwa mai gangarowa. Ya ce ni ke kashe shi. Daga Gawon Nama.

Ƙanenmu, mai yiwuwa Yaya na da gaskiya. A mataki na uku allo sama yake tafiya, yana bin wanda ke gaba, kuma duk wanda ƙasan allo ya cim masa ya mutu. Dokar ita ce na sama ba ya tsalle sai na ƙasa ya iso dutsen da yake. Ku raba aiki, ɗaya ya ji da hagu da duwatsun da ke gangarowa, ɗaya ya ji da dama. In S ɗaya ta faɗo, a bar wa wanda ya fi daɗewa bai mutu ba. In rayukanka sun ƙare, danna A na ɗauko maka ɗaya daga nasa, don haka ka nemi izininsa kafin ka danna.

Cuphead ya gagare ni, yatsana ba ya iya harbi da tsalle lokaci ɗaya. Daga Wamakko.

Shiga saitin maɓallai ka mayar da harbi kan maɓallin kafaɗa na dama, manuniya ta riƙe shi ba saki, babban yatsa ya zauna kan tsalle kaɗai. Zabura, wato shillawa gaba da sauri, ta koma kafaɗar hagu. Kowane matakin gudu da harbi na ɗauke da tsaba biyar, ka tara ka sayi Smoke Bomb da wuri, domin tana sa ba a taɓa ka yayin zabura. A cikin makamai, Spread na da ƙarfi amma sai a kusa. Chaser na bin abokin gaba da kanta, sai dai dukanta ba nauyi, faɗan na tsawo, duka uku kacal kuma kake iya ɗauka. Duk abu mai ruwan hoda ana mare shi ta sake danna tsalle kana iska daidai lokacin taɓa shi, hakan na cika maka katin babban hari. Layin da ake nuna maka bayan mutuwa yana gaya maka zangon da ka kai a faɗan. In sau uku a jere kana faɗuwa a zango ɗaya, shiga na huɗu ka saki maɓallin harbi da ka iso wurin, ka kalli bos ɗin kawai: kafin kowane hari akwai motsin da yake yi ko ƙarar da yake fitarwa, ita za ka riƙa jira.